Ta Fi Shi Iyawa

Ranar Litinin, goma ga watan Oktoba, 1960, an tashi a Bauchi da yayyafi irin na ƙarshen damina, wanda ba ya jiƙa mutum sosai amma yana hana shanya. Tutocin bikin 'yancin kai da aka ɗaɗɗaura a titin Wunti sun yi laushi, korensu ya fara zuba a kan farin.

Da azahar Madina, 'yar aji bakwai, ta dawo daga makaranta da takardu biyu, ta miƙa wa mahaifinta Ɗanlarai tela a shagonsa da ke jikin gidansu. Ta farko takardar shiga jarrabawar makarantar 'yan mata ce ta gaba da firamare. Uba zai sa hannu, malama ta haɗa da rahotonta, a jefa a gidan waya kafin motar wasiƙu ta tashi ranar Juma'a da ƙarfe goma sha ɗaya. Wadda takardarta ba ta bi wannan mota ba sai baɗi, baɗi kuwa shekarun Madina sun wuce. Ta biyu ambulan ce a manne, daga malamar ajinsu, Malama Christiana.

Shi Ɗanlarai ya taɓa yin masinja a kotun majistare na wata bakwai, kafin a sallame shi. Tun daga lokacin, in ana hira, sai ya ce, "Mu ma'aikatan shari'a." Yana kuma faɗa wa duk wanda ya zo awo cewa lissafi a hannun Bature ya ɗauko shi, ba a hannun ɗan aike ba.

Ya yage ambulan ya karanta:

"Zuwa ga mahaifin Madina. Madina ita ce ta ɗaya a lissafi in an yi a aji. Amma aikin da take kawowa daga gida duk kuskure ne, kuma ba rubutunta ba ne. Ina roƙon wanda yake yi mata ya bari ta yi da kanta, domin ta fi shi iyawa."

Ya sake karantawa. Ya cire hula, ya mayar. Sannan ya ƙwala wa matarsa kira.

Hamsatu ta leƙo ta ƙofar da ke tsakanin shago da gida. "Lafiya, Malam?"

"An ɓata mini suna."

Da ta ji abin da aka rubuta sai ta dubi Madina, Madina ta dubi ƙasa.

"To ai gaskiya ta faɗa," in ji Hamsatu. "Kullum sai ka ƙwace littafin yarinyar nan tana kuka."

"Taimako nake yi. Kin san sabuwar dokar Jihar Arewa da ta fara aiki kwanan nan? Ɓata suna laifi ne. Shekara biyu a gidan yari. Wannan malama za ta san ta taɓo ma'aikacin shari'a."

"Na ji. Sa hannu a ɗayar takardar tukuna."

"Ba zan sa ba. Sai an ɗaure ta, ko ta zo nan ta durƙusa a gaban keken ɗinkin nan."

"Baba, Juma'a fa motar za ta tashi," in ji Madina a hankali.

"Kafin Juma'a an gama shari'a. Kwana biyar gare mu."

"Huɗu, Baba."

Ya jira suka shiga gida, ya naɗe takardar jarrabawar ya cusa a aljihun wata shuɗiyar riga da bai gama ba, ya bi bakin aljihun da keke ya ɗinke shi ruf, don kada Hamsatu ta lalubo.

Washegari da sassafe ya tafi kotu wurin Hammawa akawu, abokinsa tun suna yara. Ya same shi a baranda yana fiƙe fensir. Hammawa ya karanta wasiƙar, ya toshe baki da hannu na ɗan lokaci, sannan ya ce yana tari.

"Ɗanlarai, ina sunanka a nan?"

"Ga shi nan. Wanda yake yi mata."

"Wannan ba suna ba ne. Wa kuma ya ga wasiƙar?"

"Ni kaɗai. A manne ta zo."

"To ka ji. Doka tana so a san da wa ake, kuma magana ta kai kunnen wasu. Ko an samu waɗannan biyun, akwai wuraren da dokar ta togace. In abin da aka faɗa gaskiya ne, kuma faɗarsa tana da amfani ga jama'a, babu laifi. In malami ya tsawata da kyakkyawar niyya a kan abin da ke ƙarƙashin kulawarsa, babu laifi. In gargaɗi ne aka yi don amfanin wanda aka yi wa, ko don amfanin ɗansa, babu laifi. Tafi gida ka sa wa yarinya hannu."

Ɗanlarai yana ta naɗe yatsu. "Kafa huɗu ke nan da za ta iya sulalewa."

"Biyar."

"Duk zan toshe su. Ni tela ne."

"Ba abin da nake gaya maka ke nan ba," in ji Hammawa, amma Ɗanlarai ya riga ya kai bakin titi.

Ya fara da kafar suna. Ya ɗauki littafin lissafin Madina ya shiga bin maƙwabta. Ya tsaya wurin Dada mai ƙosai, tsohuwar da ta san shi tun yana yawo ba wando.

"Inna Dada, dubi nan. Rubutun wane ne wannan?"

"Ni na iya karatu ne? Amma wannan jan abin da aka zazzana a kai fa?"

"Sifiri ne. Ba shi nake tambaya ba. Ki shaida ni na rubuta."

"Kai ka ci sifirin?"

"Malamar ce ta sa."

"Ɗaya, biyu, uku... Ɗanlarai, ai sun fi ƙosan da ke cikin kaskon nan yawa. To na shaida, ɗana. Allah ya sawwaƙe."

Kafin la'asar ya samu shaidu goma sha ɗaya, har da mai aski da mai gyaran keke, kowa ya yarda da zuciya ɗaya cewa Ɗanlarai ne ya yi aikin. Mai aski ma ya roƙa a bar masa littafin ya nuna wa masu jiran layi.

Da ya dawo gida Hamsatu ta tare shi. "Malam, ina takardar yarinyar nan? Na duba ƙarƙashin tabarma, na duba akwatin keke."

"Tana inda doka ta ajiye ta."

Sai kafar kunnen jama'a. A nan ne dabara ta zo masa wadda ya ce ko lauyoyin Ikko ba su taɓa yin irinta ba. Ranar Laraba ya aika aka kira Ya'u sankira, mai shelar biki da suna, wanda in ya buɗe murya a Wunti ana jin sa a bayan ganuwa. Suka yi ciniki a kan riga. Ɗanlarai ya zaro shuɗiyar rigar nan daga ƙusa, ya manta sarai da abin da ke aljihunta, ya miƙa masa.

"Me za a faɗa?" in ji Ya'u yana zura hannu.

"Abin da ke cikin wasiƙar nan, kalma da kalma. A zagaya kasuwa, a bi ta tasha, a dawo ta gaban masallaci."

Ya'u ya saurari wasiƙar, ya dube shi. "Maigida, ka tabbata? Ni dai na saba a ba ni riga in yabi mutum."

"Wannan shari'a ce, ba ka san ta ba."

Suka fita, Ya'u a gaba, Ɗanlarai a baya da littafin a ɗage sama yana juya shi dama da hagu don kowa ya gani.

"Jama'a a saurara! Ɗanlarai tela, ɗan Larai jikan masu allura, yana gaishe ku! Ya ce a gaya muku shi yake yi wa 'yarsa lissafi! Malama ta ce duk kuskure ne! Malama ta ce yarinyar ta fi shi iyawa!"

Masu tumatir suka bar tumatir. Mahauta suka fito da wuƙaƙe a hannu. Kafin a kai rumfar masu hatsi, Ya'u ya samo wa maganar kari, yana faɗin "Malama ta ce," kasuwa gaba ɗaya tana amsawa, "Ta fi shi iyawa!" Wani makaɗin kalangu da ke jiran mahauta ya bi su kyauta.

Ɗanlarai yana tafe yana nuna mutane da yatsa. "Kai ka ji ko? Sunanka? Ke ma kin ji? Za ki zo kotu."

"Zan zo da gudu," in ji wata mai daddawa, tana share hawaye.

A tasha ne dariyar ta fara shigar sa. Wani kwandasta ya tambaye shi ƙafafun jaki nawa ne, ya ce kada ya yi sauri, ya yi tunani. Ɗanlarai ya jawo hannun rigar Ya'u.

"Ƙara musu da wannan. Ka ce malamar ba ta san komai ba. Ka ce takardar shaidar malantarta a kasuwar Jos ta saye ta."

"Wannan ma yana cikin wasiƙar?"

"Faɗi kawai."

Ya'u ya faɗa, sau uku, na ƙarshen a daidai ƙofar makaranta, lokacin da ake tashin yara.

Da yamma Hammawa ya zo shago da kansa, bai ko sauka daga kekensa ba.

"Mun ji ka daga kotu. Majistare ya tambaya ko wani bikin ne kuma."

"Ka gani? Kafa ta biyu ta toshu."

"Ɗanlarai, maganar da ka yaɗa da bakinka, da sankiranka, da kalangunka, ba malama ce ta yaɗa ba. Ita a manne ta aiko. Amma maganar kasuwar Jos, wannan ta cika sharaɗi tsaf. An ambaci mutum, duk gari ya ji, kai ka sa a faɗa. Kana da shaidar ta saya?"

"Ai an san irin waɗannan abubuwa."

"Wa ya sani?"

"Ana dai sani."

"To in ta shigo da ƙara gobe, shekara biyun nan da kake ta yi wa mutane alkawari, kai za ka ci su."

Ɗanlarai ya cire hula yana sosa kai, har Hamsatu, da ke saurare a bayan ƙofa, ta fara sa rai zai haƙura. Sai ya buga cinya.

"Gaskiya! Kai ka ce in magana gaskiya ce babu laifi. Gobe zan je makarantar in yi lissafi a gaban kowa. In na ci, wasiƙarta ta zama ƙarya. In wasiƙarta ƙarya ce, ba malama ba ce. In ba malama ba ce, sayen takardar ta yi. Ɗinki ɗaya, kafa biyu."

"Hamsatu," in ji Hammawa ya ɗaga murya, "in akwai kwaɗo a gidan nan, ki kulle shi."

Ba a kulle shi ba. Ranar Alhamis da hantsi ya isa makaranta da tef ɗin awo a wuya, Ya'u a gaba cikin shuɗiyar riga, rabin kasuwa a baya. Hedimasta ya duba taron ya ga ba shi da ƙofar da zai rufe, sai ya sa aka fito da allo gindin dalbejiya. Hammawa ya nemi izini a ofis ya zo. Hamsatu ta yafa mayafi ta tsaya can baya wurin Dada.

Malama Christiana ta fito, siririya, da alli a hannu. Ba ta ɗaga murya ba.

"Barka da zuwa, Baban Madina. Na ji saƙonka jiya. Ɗalibaina ma sun ji."

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba. Kawo lissafinki."

Ta rubuta a allo tana karantawa. "Mota ta tashi daga Bauchi da ƙarfe bakwai na safe za ta Jos, mil tamanin. Tana cin mil ashirin a awa ɗaya. Ƙarfe nawa za ta isa?"

Ɗanlarai ya harɗe hannu. "Wane ne direban?"

"Ba a faɗa ba."

"To ta yaya za a sani? An yi ruwa ko ba a yi ba? Awaki ta ɗauko ko mutane? Kuma motar da ta ce bakwai, wa ya taɓa ganin ta tashi bakwai? Sai ta cika. Ga tsayawa cin abinci, ga faci, ga turi a hawan dutse. Amsa ita ce bayan la'asar, in Allah ya kai rai."

Direbobin tasha suka ɗauki sowa. "Ya faɗi gaskiya! Wallahi tela ya ci!"

Malama ta ɗan yi murmushi. "A wannan, Baban Madina, ka fi littafin sanin hanya. Sai dai masu jarrabawa ƙarfe goma sha ɗaya suke so."

"Kun ji? Ta amsa da bakinta!" Ya juya yana ɗaga wa jama'a hannu. Hammawa ya matso ya raɗa masa cewa nan ne wurin tsayawa, ya ture shi. "Kawo wani. Kawo na sana'ata, in nuna miki inda aka haife ni."

Ta goge allo. "An ba tela yadi ashirin da ɗaya. Kowace riga tana cin yadi uku da rabi. Riga nawa za su fita?"

Ya yi dariya. "Wannan ai kullum shi nake yi. Takwas. Har a samu hular yaro."

Mutane suka dubi juna.

"Madina," in ji Malama.

Madina ta fito daga layi kamar wadda za a yi wa allura. Ta dubi mahaifinta, ta dubi inda mahaifiyarta take. Hamsatu ta gyaɗa mata kai. Ta karɓi alli, ta yi layi uku a allo, ta ce da ƙaramar murya, "Shida."

"Shida," in ji mai aski a hankali. Ya miƙa hannayensa biyu gaba. Hannun rigarsa ya tsaya can kusa da gwiwar hannu. "Ɗanlarai, kai ka ce mini yayi ne."

"Ni ya ce mini na ƙara tsawo," in ji wani dattijo, yana nuna wandon da ya bar ƙwaurinsa a waje. "Ina da shekara sittin!"

"Ni cewa ya yi wanki ne ya cinye!"

Nan da nan hannaye suka tashi ko'ina a gindin bishiyar, duk a waje da riguna. Ya'u ma ya duba tasa, ya ga inda ta tsaya, ya ce, "Af." Ba wanda ya ba da umarni, amma kalangu ya ɗauka, taron ya amsa da abin da ya koya jiya a kasuwa.

Hammawa ya jira ƙurar ta lafa, sannan ya ce yadda kowa zai ji, "Malama, maganarki ta tabbata gaskiya a gaban shaidu, kuma shi ya kawo shaidun. Tasa maganar kuwa ba ta da madafa. In kina so, gobe da safe ni zan rubuta miki ƙarar."

Ɗanlarai ya nemi wurin zama, ya samu bencin 'yan aji ɗaya, ya zauna gwiwoyinsa a ƙirji.

"Ba na son kotu," in ji Malama Christiana. "Shekara uku na yi ina karatun takardar nan, mahaifina ya sayar da akuyoyinsa a kanta. Ina so Malam Ya'u ya bi duk inda ya bi jiya ya ce ƙarya ce. Kuma ina son takardar Madina da sa hannu, yau."

"Na yarda," in ji Ɗanlarai da sauri. Ya laluba hula, ya laluba aljihu. Ya tsaya. Idonsa ya sauka a kan shuɗiyar riga.

"Ya'u, me ke cikin aljihunka?"

"Wane aljihu? Tun jiya nake neman bakinsa ban samu ba. Na ɗauka shi ma yayi ne."

A nan gaban makaranta aka tsayar da sankira, hannuwa a sama, Hamsatu ta karɓi reza wurin mai aski ta farke ɗinkin da kanta, domin ta ce ba ta yarda mijinta ya sake taɓa rigar ba. Takardar ta fito a jiƙe da gumin shela ta kwana biyu, gefenta ya yi shuɗi. Malama ta ɗaga ta da yatsu biyu ta duba.

"Ana iya karantawa. A busar da ita."

Hamsatu ta kai ta gida ta shimfiɗa ƙyalle a kai ta bi da dutsen guga. Ɗanlarai ya sa hannu da wata doguwar ƙugiya da ya ce irin ta majistare ce.

Ranar Juma'a gari ya waye tas. Tun da safe ake jin muryar Ya'u daga kasuwa yana cewa takardar Malama ta gaskiya ce, Ɗanlarai ne ya ƙaga, kuma duk mai gajeriyar riga ya kawo a ƙara masa. Wannan na ƙarshen ba a sa shi ba.

Malama ta haɗa rahotonta da takardar, ta manne ambulan, ta ba Madina. Ɗanlarai ya ce shi zai riƙe, shi ne uba. Ya tsaya a hanya ya gaisa da mutum uku, yana bayyana wa kowanne cewa shari'ar an sasanta ta ne a bisa shawararsa.

"Baba, goma da rabi ta wuce."

"Da sauran awa guda."

"Minti ashirin, Baba. Tafiyar kuma ta sha biyar ce."

Suka ƙara sauri.

A gidan waya suka tarar da Hammawa ya kawo wasiƙun kotu, motar kuma tana tsaye ana loda buhuna. Aka manna kan sarki. Ɗanlarai ya kai ambulan bakin akwati, sai ya janye hannu. Ya ɗaga ta sama saitin rana, ya kanne ido ɗaya.

"Hammawa, a rahoton nan akwai wurin da ake rubuta halin uba?"

"Akwai."

"Me kake jin ta rubuta?"

"Ban sani ba. Kai ma ba ka sani ba. Kasuwa ma ba ta sani ba. Ka bar shi haka."

"In ɗan buɗe gefe kaɗan. Don shari'a."

Direba ya danna ƙaho. Ɗanlarai ya sa farce a bakin ambulan. Madina ta yi ɗage, ta zare ta daga hannunsa da ladabi, da hannu biyu, ta zura a akwatin. Suka ji faɗuwarta a ciki. Ma'aikaci ya zo ya buɗe ta baya, ya kwashe, ya ɗaure buhu ya jefa a mota.

Ɗanlarai ya bi motar da kallo har ta sha kwana.

"Ƙarfe nawa za ta isa Jos?" in ji Hammawa.

Ɗanlarai ya gyara tef ɗin da ke wuyansa, ya yi gyaran murya, sannan ya juya wajen 'yarsa.

"Gaya masa," ya ce.